Rawar da Ke Ƙasa da Gwiwa

A shekarun da na yi a Alƙahira, sana'ata ɗaurin kaya ce. 'Yan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram su sauka, in raka su kasuwar Ataba in yi musu tafinta, su sayi abaya da takalma da turare, ni kuma in kwaso kayan zuwa ɗan ofishinmu na aika kaya, a wani tsohon bene a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. Benen yana da rami a tsakiyarsa tun daga ƙasa har sama, wanda Misirawa ke kira manwar, tagogin madafa duk a cikinsa suke buɗewa. Ta nan muke sanin wa ya soya kifi, wa ke faɗa da mijinta. Ta nan ne kuma wata rana bayan la'asar, ina tsugune kan kwali da salatif a baki, wani sauti ya gangaro ya same ni.

Na rasa sunan da zan ba shi. Ba sarewa ba ce, ba goge ba ne, amma akwai numfashi a cikinsa kamar na mai rai. A ƙasa wani abu na tafiya daidai wa daida, dum-ta, dum-ta, a sama kuma ƙananan muryoyi na guje-guje, kowace sai ta ɗan yi karkarwa kafin ta sauka inda za ta. Tsigar jikina ta tashi. Sai kiɗan ya yanke a tsakiya. Aka sake ɗaukowa daga farko, ya sake yankewa a daidai wurin nan. Daga nan na ji an rufe taga.

Ni jikan makaɗi ne. Kakana na wajen uwa kalangu yake yi wa mahauta, kuma ina yaro na sha bin sa dandali in ga yadda yake tayar da ƙaton mutum daga zaune da 'yan yatsunsa. Mahaifina kuwa ya ce a gidansa ko gwangwani ba za a buga ba. Haka na tashi da kiɗa a yatsu, ina ɓoye su a aljihu.

Na tambayi mai gadin benen. Ya ce tsohuwar da ke hawan ƙarshe ce, 'yar ƙasar Sabiya, ta auri wani injiniya Bamisire tun kafin a haife ni, ya rasu ya bar ta a gidan. Bayan 'yan kwanaki na'urar hawa bene ta lalace, kamar yadda ta saba, na tarar da tsohuwar a ƙofar shiga tana hararar tukunyar gas da aka ajiye mata. Na saɓa tukunyar a kafaɗa na bi ta. Tana hawa tana hutawa, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya a gwiwa.

A falonta na gan shi, zaune a kan kujera shi kaɗai kamar baƙon da ake ji da shi. Abin kiɗan ne, akodiyon, baƙi wuluk, da maɓallai farare jere-jere a gefen dama, ƙanana baƙaƙe a gefen hagu, tsakiyarsa kuma zugazugi mai ninki. Na tsaya da tukunya a kafaɗa na manta in sauke.

"Ajiye mana, ya ibni, kafin ka fasa mini tayil," in ji ta da Larabcin Masar mai nauyin harshe, tana kirana ɗanta. "Ba ka taɓa ganin irinsa ba?"

Na ce, "Na ji shi dai, Tanti. Me ya sa kullum yake tsayawa a wuri ɗaya?"

Ashe katoɓara na yi. Ta miƙo mini hannayenta biyu. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun karkace kamar ɗanyar citta. Ta ce, "Ga dalili."

Ta haɗa mini gahawa mai kauri, ta bar ƙofar gidan a buɗe, ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Akodiyon na ubanta ne. Ba shi da ɗa namiji, sai ya rataya mata tun tana yarinya. A ƙauyensu idan ana biki sai a yi kolo, wato rawar da mutane ke kama hannun juna su yi da'ira, na gaba yana riƙe da hankici yana jan sauran. Ita ke kiɗa a can. Da ta zo Alƙahira ma ita ke kiɗa, domin 'yan ƙasarsu kaɗan ne a garin kuma babu mai iyawa sai ita.

"Duk wanda ya zauna garin nan daga ƙasarmu ya yi kolo a falon nan," ta ce. "Ni ina waccan kujerar. Tun da na yi wayo ban taɓa shiga an yi da ni ba. Jikata za ta yi aure idan zafi ya wuce. Ina so in riƙe hankicin, in ja kolo sau ɗaya. Gwiwar nan ba za ta ƙara ba ni wata shekarar ba."

Na ce ai kiɗan yana nan a waya, a sa a lasifika mana. Ta kalle ni kamar na zubar mata da miya.

"Lasifika ba ta jiran tsohuwa."

Ta ce ta taɓa kiran wani gwanin akodiyon daga layin masu kayan kiɗa na bayan Ataba. Ya iya, ta ce, har ya sa ta kuka, amma hannunsa ya riga ya saba da kiɗan ƙasarsa, komai ya taɓa sai ya lanƙwasa shi ya koma na Masar. Ita hannun da bai san komai ba take so. Ta dubi nawa, da ragowar salatif a babban yatsa, ta ce, "Kamar wannan."

Ranar da ta fara rataya mini shi na sha mamakin nauyinsa, kamar ka rungumi yaron da aka yaye. Na ja zugazugin ban danna komai ba, ya ƙi motsi. Ta danna mini maɓalli ɗaya, ta ce ja. Sautin bai shiga ta kunnena ba, ta ƙashin ƙirjina ya shiga. Na ji haƙarƙarina na amsawa. Wallahi sai da na ce subhanallahi a fili, ita kuwa ta yi dariya har da tari.

Daga nan wahala ta fara. Hannun hagu makaho ne, ba ka ganin abin da yake dannawa, akwai dai maɓalli ɗaya mai ɗan rami a kansa, shi ne gida, daga shi kake lissafin maƙwabta. Shi ke riƙe da dum-ta ɗin nan, kuma shi ke jan zugazugi. Hannun dama na can yana nasa gudun. Kan mutum ɗaya, aiki uku. In na kula da dama sai hagu ya tsaya yana kallo, in na kula da hagu sai numfashi ya ƙare a tsakiyar magana, akodiyon ya yi wani kuka kamar jakin da aka ɗora wa kaya. Ba ta da takarda ko ɗaya. Da baki take rera mini, tana buga cokalin shayi a hannun kujera, in na kuskure cokalin ya sauka a bayan hannuna. Ba zafi, amma akwai cin fuska.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne karkarwar nan da na fara ji ta manwar. Kafin yatsa ya zauna a kan maɓalli, sai ya ɗan taɓa na kusa da shi da sauri ya dawo. Ta ce kowace murya sai an sa mata ɗan kunne, ba a fitar da ita haka nan tsirara. Watarana da na gaji na ce abin nan ba ya yiwuwa, sai ta karɓa. Ta cije leɓe, ta ɗora karkatattun yatsun nan, ta saki wani ɗan guntun kiɗa da bai fi numfashi biyu ba. Ban taɓa jin abu mai tsabta irin wannan ba. Kamar an watsa tsakuwa a kan faranti, kowace ka ji ta daban. Sai yatsun suka ƙi, ta sauke hannu. Na zauna baki buɗe ina tunanin abin da hannun nan yake yi lokacin da yake da lafiya.

Da ta ga na daina sa shi kukan jaki, ta yarda in riƙa tafiya da shi gida. Haka nake shiga ƙaramar bas ta unguwarmu Faisal da shi a cinya, ina kare shi da gwiwar hannu daga masu shiga da fita. A rufin benenmu nake koyo kafin magariba, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tattabarun maƙwabci. Abokin zamana, wani ɗalibi Bazazzagi mai karatun fiƙihu, ya hau ya same ni ina ta fama da zugazugi.

"Ikon Allah. An aiko ka ɗaurin kwali ka koma maƙeri? Ina garwashin?"

Na ce ya bar ni. Ya ce shi dai ba ruwansa, kuma kar in sa shi cikin shaidu. Bayan wata ɗaya na ji shi a bayi yana wanki yana fito da kiɗan, har da karkarwar. Na dai ajiye abina a raina.

Gwajin farko ya zo ranar waliyyin gidansu. Al'adarsu ce kowane gida yana da rana ɗaya a shekara, a kunna dogon kyandir, a gasa burodi na musamman, a dafa alkama da sukari da gyaɗar Turawa a ba kowane baƙo cokali. 'Yan tsofaffin ƙasarsu da suka rage a garin suka zo da rana, da jikarta amarya, 'yar Masar sosai da ɗan kwalinta, wadda kakar ta koya wa rawar tun tana ƙarama. Bayan an ci an sha aka matsar da tebur. Tanti ta nuna mini kujerar nan tata, na zauna. Ta ciro farin hankici, ta tsaya a gaba, suka kama hannun juna.

Na fara, kuma na fara da kyau. Sai na ɗaga kai na dube su. Sun miƙe ƙyam kamar sahun salla. Kafaɗa ba ta motsi, ƙugu ba ya motsi, hannaye a ƙasa, fuskoki a ɗaure. Da'irar na ɗan gusawa dama, ta ɗan dawo hagu, shi ke nan. A garinmu idan makaɗi ya duba ya ga haka, ya san ya ji kunya, kiɗansa ne bai ratsa ba. Kuma na san maganin abin, na gani a hannun kakana: ka ƙara wuta, ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi da kiɗa har jikinsa ya saki. Na zaɓi wani dogon tsoho mai gashin baki, na kafe shi da ido, na ƙara sauri. Bai saki ba. Na ƙara. Jinin kakana ya hau kaina, yatsuna na gudu yadda ba su taɓa yi ba, ina jin daɗin kaina ƙwarai.

Hankicin ne na fara gani ya faɗi. Tanti ta saki hannun na kusa da ita ta dafe bango, jikarta ta tare ta ta zaunar. Dogon tsohon ya zube kan kujera yana haki yana faɗin wasu kalmomi da yarensu waɗanda ban nemi fassararsu ba. Ko zagaye ɗaya ba a yi ba. Gwiwar Tanti ta kumbura a ranar, ta yi kwanaki ba ta sauko ƙasa ba.

Da na koma, na ɗauka za ta karɓe kayanta. Na same ta da ƙafa a kan matashi, jikarta na shafa mata magani.

"Tanti, ma'alish, yi haƙuri. Na ga ba ku rawa ne, shi ya sa."

"Ba mu rawa?" Ta juya ga jikarta. "Kin ji? Wai ba mu rawa." Ta sake dubana. "Ina kake kallo?"

"Kafaɗunku."

"Me ka ajiye a kafaɗunmu? Yalla, sauka ƙasa. Kwanta. Sa kuncinka a tayil."

Na kwanta rub da ciki a falon mutane, ƙato da ni. Ta ce wa jikarta ta cire silifa ta tashi. Ta fara rerawa da baki, cokali na bugun kujera.

Abin da na gani a ƙasan nan har yau ban gama mamakinsa ba. Ƙafafun yarinyar ba su tashi daga ƙasa fiye da kaurin yatsa ba, amma babu lokacin da suke tsaye. Taku, ɗan tsalle, dunduniya ta taɓa ta ɗauke, wannan ƙafa ta gifta gaban waccan ta dawo, yatsun ƙafa na karkarwa daidai inda yatsun hannuna ke karkarwa. Duk 'yan kunnen da na yi watanni ina sa wa muryoyi, ashe kowanne da takunsa. Na ɗaga ido na ga daga gwiwa zuwa sama tana tsaye cak, da za a ɗora mata kofin shayi a ka ba zai zube ba. Na mayar da ido ƙasa, ga guguwa. Mu rawarmu a kafaɗa da ƙugu take, kowa ya gani daga nesa. Su sun tattara tasu duka sun ɓoye a ƙasa da gwiwa. Na ce a raina, Allah mai halitta iri-iri, har rawa ma kowa da inda aka ajiye masa tasa.

"Kuma ba mutum ɗaya ake yi wa kiɗa ba," in ji Tanti daga sama. "Hannunsu a haɗe yake. In ka kori ɗaya ka ja duka. Ka nemi ƙafar da ta fi kowace rauni a da'irar, ita ce mai gidanka. Ranar bikin ka san ko ta wa ce."

Sauran watannin a ƙasa idona ya yi su. Takan sa baƙin takalminta mai ɗan gajeren dunduniya, ta dafa bayan kujera, ta yi 'yan taku kaɗan, ni ina bi. Na haddace ƙafafun nan kamar yadda na haddace maɓallin gida. Ta hagu ce mai ciwo, takan makara kaɗan wajen sauka, sai na koyi jinkirta zugazugi daidai wannan ɗan lokacin ba tare da kiɗan ya karye ba. Riƙe kiɗa ya fi sakinsa wuya nesa ba kusa ba.

An yi walimar da yamma, bayan ɗaurin aure, a wani lambu na dangin ango can wajen gari. Misirawa suka yi nasu da ganguna da guɗa, mata suka ɗaura gyale a ƙugu, samari suka yi wasan sanda. Ina gefe da akodiyon a cinya, abokin zamana kuma na can wajen abinci, wanda ya ce kar a sa shi cikin shaidu. Da aka lafa, amarya ta je ta kamo hannun kakarta. Aka ajiye mini kujera a bakin fili. Na ga farin hankici ya fito, daga nan na sunkuyar da kai, ban ƙara ɗagawa ba.

Baƙin takalmin ya tsaya a kan dandamalin siminti. Kusa da shi farin takalmin amarya, sai na dogon tsoho, sai wasu 'yan kaɗan. Na ja numfashi, akodiyon ya ja nasa, muka fara a hankali. Ƙafar dama ta fita. Ta hagu ta bi, ta makara, na jira ta. Dama, hagu, dunduniya. Sai ga ɗan tsallen, ƙarami ƙwarai, amma ya zo daidai kan karkarwar yatsana, kamar ni na ɗaga ta.

Dangin ango suka fara tafi, kuma tafin Misirawa gaba yake ja. Wani mai ganga ya shigo yana neman ya taimake ni, ana ta ihu, yalla, yalla! Na ji abin nan na kakana yana tasowa daga cikina, yatsuna na roƙo in sake su. Na danne. Na ƙara nauyin hannun hagu, dum-ta, dum-ta, har mai gangar ya gane ya dawo bayana. Ina kallo takalma na ƙaruwa a da'irar: na ango mai sheƙi, dogayen dunduniyoyin 'yan mata, silifar wata dattijuwa, har da wasu sandal da na sani sarai, na wani mai karatun fiƙihu. Ba su iya takun ba, suna dai gusawa dama su dawo hagu. Amma duk taron nan, da ni, da gangar, muna tafiya ne a kan saurin ƙafar hagu ta tsohuwa ɗaya. Ban taɓa jin abu mai girma haka ya ratsa ta hannuna ba, har tsoro ya kama ni.

Baƙin takalmin ya wuce ta gabana, ya tafi, na bi shi da ido ta tsakanin ƙafafu, ya zagayo ya sake wucewa. A zagaye na gaba takun ya fara gajarta. Na rage. Ya ƙara gajarta, na ƙara ragewa, na kai kiɗan gida kafin ƙafar ta roƙa. Ta sauke dunduniya biyu a tare a kan muryar ƙarshe, na rufe zugazugi.

Daga baya mutane suka yi ta ba ni labarin fuskarta. Wasu suka ce dariya take yi, amarya ta ce kuka ne. Ni ban gani ba, kuma ba zan taɓa gani ba. Abin da na gani takalmi ne, ya tako a hankali har gaban kujerata ya tsaya. Na ɗaga kai. Tana haki, gashinta ya jiƙe. Ta goge mini goshi da hankicin, sannan ta ɗora karkataccen hannunta a kan akodiyon ubanta, ta gaba, wajen da sauti ke fita, wajen da mai kiɗa ba ya taɓa zama.

"Ya ibni," ta ce, "ashe haka ake jin sa daga wannan gefen."